Sauti Ɗaya, Rubutu Uku: Ɗafa-ƙeyar Sunayen Masu Aiki a Turanci



 Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan taro, da suka ga ya dace a ware wa ƙaramin al'amari irin wannan lokacinsa. Na ce ƙarami domin haruffa biyu ne kacal za mu zauna a kansu, waɗanda ke zuwa a ƙarshen kalma. Amma duk wanda ya taɓa riƙe jan biro yana duba takardun yara ya san yawan makin da ke zubewa a kan waɗannan haruffa biyu.

Ku dubi muƙaman da ke cikin jami'o'inmu. Mai koyarwa “lecturer” ne, da -er. In Allah ya ɗaga shi ya kai ƙololuwa, sai ya zama “professor”, da -or. Ma'ajin jami'a “bursar” ne, da -ar, haka ma magatakarda, “registrar”. Shugabansu duka kuwa “vice-chancellor”, an sake komawa -or. In ka cire magatakarda, wanda Bature kan ja ƙarshen sunansa, sauran duk da sauti ɗaya suke ƙarewa a bakinsa. Ga “teacher”, ga “doctor”, ga “beggar”: aikin ɗafa-ƙeyar ɗaya ne, wato nuna mai yin abu, sautinta ɗaya ne, rubutunta uku.

Abin da nake so in tabbatar muku yau shi ne, kunne ba shi da taimakon da zai yi wa yaro a wannan wuri. Ko ɗan da aka haifa a tsakiyar birnin Landan, in aka ce ya rubuta waɗannan kalmomi da abin da ya ji kawai, zai yi tuntuɓe a inda ɗan Ɗambatta zai yi. Abin da ke raba -er da -or da -ar yana cikin tarihin kalmar da kuma danginta. Mu kuwa mun daɗe muna koyar da su ta hanyar shifta da tsawa, wato ta kunne, inda amsar ba ta nan.

Mu fara da furuci. Turanci harshe ne mai danna gaɓa ɗaya a cikin kalma ya ba ta ƙarfi, sauran gaɓoɓin kuma su raunana. Hausa ba haka take ba. Mu karin sauti gare mu da tsawon wasali, kuma kowace gaɓa muna ba ta haƙƙinta. A Turanci, wasalin gaɓar da ba a danna ba yakan saki jiki ya koma wani guntun sauti na tsakiyar baki, wanda masana furuci ke kira shuwa, sunan da suka aro daga nahawun Ibrananci. Shi ne wasalin da ya fi kowane yawan fitowa a bakin mai magana da Turanci, amma ba shi da harafin kansa; wani lokaci a rubuta shi da a, wani lokaci da e, ko o, ko u. Sannan wajen ƙarni na 18 mutanen kudancin Ingila suka fara barin furta r a ƙarshen gaɓa. Mutanen Sikotilan da Ailan da yawancin Amurkawa har gobe suna furta ta, sai dai su ma ba sa bambanta ƙarshen “teacher” da na “doctor”.

Muna da shaida a kan wannan a cikin gidanmu. Kakanninmu da suka fara jin waɗannan kalmomi daga bakin Turawa, a bariki da tasha da asibiti, ba su ga rubutunsu ba, jinsu kawai suka yi. “Driver” ya zama direba, “tailor” ya zama tela, “doctor” ya zama likita, “lawyer” lauya, “soldier” soja, “messenger” masinja, “carpenter” kafinta, “governor” gwamna, “engineer” injiniya. Daga baya aka samu darakta da manaja da edita da sanata da farfesa da kansila. In ban da 'yan kaɗan irin su fasto da sufeto, duk Hausa ta tattara su ta rufe da wasalin a, ko -er ce a rubuce, ko -or, ko -ier, ko -yer. Kunnen kakanninmu bai yi kuskure ba, abin da aka furta suka ji. Saboda haka yaron da ya rubuta “docter” ba kurma ba ne, ba kuma daƙiƙi ba ne. Ya ji daidai, sai ya ɗauki ɗafa-ƙeyar da ta fi yawa a Turanci ya manna. Abin da ya rasa wani labari ne da ba wanda ya ba shi.

Ga labarin. Asalin Turanci harshe ne na ƙabilun da suka ƙetara zuwa tsibirin Biritaniya a ƙarni na 5, daga yankunan da ke arewacin Jamus da Danmak a yau. A tsohon harshensu, in ana so a ambaci mai yin wani aiki, sai a ƙara -ere a ƙarshen kalma. Mai gasa burodi “bæcere”, masunci “fiscere”, marubuci “writere”. Da wasalin ƙarshe ya zube, sai aka samu “baker” da “fisher” da “writer”. Jamusanci, wanda ɗan'uwan Turanci ne na jini, yana da wannan -er har yanzu. Ita ce 'yar gida, kuma ita ce mai rai, mai haihuwa. Duk sabon aikatau da ya shigo Turanci yau, da -er za a gina sunan mai yinsa, shi ya sa muka ga “blogger” da “programmer” a zamaninmu. Ta wuce mutane ma ta hau kan na'urori. Kalmar “computer” tun ƙarni na 17 tana nan, kuma a lokacin mutum take nufi, wanda aikinsa lissafi ne.

A shekarar 1066 William, sarkin yankin Nomandi a arewacin Faransa, ya ƙetaro ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Daga nan fada da kotu da manyan coci suka koma hannun masu jin Faransanci, takardun ilimi kuwa da Latin ake rubuta su. Turanci ya zama harshen talakawa, na gona da kasuwa, kusan shekara 300. Har dokar da majalisa ta yi a 1362, wadda ta ce a riƙa yin shari'a da Turanci, da Faransanci aka rubuta ta. A wannan tsawon lokaci dubban kalmomin Faransanci suka kwararo, cikinsu har da sunayen masu mulki da masu ilimi da masu sana'ar birni. Latin na da ɗafa-ƙeyarta ta mai aiki, -or ko -tor. A bakin Faransawan Ingila ta zama -our, sai aka riƙa rubuta “governour”, “emperour”, “doctour”, “taillour”, “barbour”. A Faransa kanta ta zama -eur, kuma ta tsaya a haka. Wannan ne ya sa ɗalibin Maraɗi ko Damagaram mai karatu da Faransanci bai san wannan ciwon kai ba: “docteur”, “directeur”, “professeur”, “chauffeur”, duk ƙarshensu ɗaya. Nasa ciwon kan yana wasu wuraren.

To a nan ne abin ya dagule. A wancan zamani babu ƙamus, babu hukumar da ke cewa ga daidai. Kowane magatakarda yana rubutu yadda ya koya a garinsu, har kalma ɗaya takan fito da siffa biyu a shafi guda. Da William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, rubutu ya fara daskarewa, amma ya daskare ne a daidai lokacin da furuci ke ta sauyawa. Sai kuma a ƙarni na 16 aka samu malamai masu tsananin ƙaunar Latin, waɗanda ke ganin kowace kalma ya kamata ta nuna inda ta fito. Su ne suka cusa harafin b a cikin “debt” da “doubt”, harafin da ba a taɓa furtawa ba a waɗannan kalmomi, don kawai yana cikin tushen kalmomin a Latin. Irin wannan ra'ayi ne ya yi ta mayar da -our zuwa -or, “doctour” ya koma “doctor”. Tun daga lokacin, harafin ƙarshen nan ya zama kamar tsagar gado a fuska: ba ta magana, amma wanda ya san ta yana gani zai gaya maka gidan da mutum ya fito.

Da aikin ya tafi a kan tsari ɗaya, da yau ba mu taru a nan ba. Sai mu ce -er ta 'yan gida ce, -or ta baƙi, shi ke nan. Amma ba a gama aikin ba, kuma ba mutum ɗaya ya yi shi ba. “Barbour”, wanzami, wanda ya fito daga kalmar Latin mai nufin gemu, ya saje da 'yan gida ya zama “barber”. Haka “prechour” ya zama “preacher”. Tela kuwa, wanda tare suka shigo da wanzami, ya tsaya a “tailor”. “Chancellor” a tsohon rubutu da -er yake ƙarewa, kuma tushensa na Latin, “cancellarius”, wato ma'aikacin da ke zama a bakin shingen kotu, ba shi da -or ko kaɗan. Daga baya aka sanya masa ita. Haka aka yi wa “bachelor”. Wanda ya fi ba da mamaki shi ne “sailor”, ma'aikacin jirgin ruwa. Aikatau ɗin “sail” ɗan gida ne tsantsa, ba ruwansa da Latin, kuma da can “sailer” ake rubutawa. Aka zo aka sauya, har yanzu “sailor” mutum ne, “sailer” kuwa jirgin ne da kansa. Kalmar “saviour” ita kuma ta riƙe -our ɗinta a Biritaniya har yau.

Masu ƙamus ma ba su zo da baki ɗaya ba. Samuel Johnson, a ƙamus ɗinsa na 1755, ya bar “governour” da “emperour” da u ɗinsu, amma jama'a ba su bi shi a kan waɗannan ba. Noah Webster a Amurka, a ƙamus ɗinsa na 1828, ya share u daga irin waɗannan kalmomi, ya kuma rage baƙaƙen da ake ninkawa. Daga nan muka gaji “councillor” da “traveller” na Ingila masu l biyu, da “councilor” da “traveler” na Amurka masu l ɗaya. Yaranmu suna karanta na Ingila a littafin makaranta, suna ganin na Amurka a waya, mu kuma muna mamakin me ya sa suke cakuɗawa.

A hankali -or ta sami wani kwarjini, ta zama ƙarshen sunan manya: “senator”, “governor”, “director”, “rector”. Wannan kwarjini ne ke jan kalmomi zuwa gare ta har yanzu. Misali mafi kusa shi ne mai ba da shawara. “Adviser” ce ta bi ƙa'idar Turanci, kuma da ita ake rubuta muƙamin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro a Nijeriya. A Amurka “advisor” ta yi ƙarfi, ga sifar “advisory” tana mara mata baya. Manyan ƙamusoshi sun karɓi duka biyun. Malamin da ya soke ɗaya daga cikinsu a takardar yaro ya zalunce shi, kuma ina roƙon a daina.

Sai -ar. Wannan ƙaramin gida ne, sunayen masu aiki da ke cikinsa ba su da yawa, kuma kashi biyu ne. Akwai waɗanda suka gaji a ɗinsu daga Latin: “bursar” daga kalmar da ke nufin jakar kuɗi, da “registrar”, da “vicar”, da “scholar”. Ko shi “scholar” ɗin ya daɗe ana rubuta shi “scoler” kafin masu son Latin su gyara masa fuska. Kashi na biyu su ne “liar” maƙaryaci, “beggar” maroƙi ko mabaraci, “burglar” mai fasa gida, da “pedlar” ɗan koli. “Liar” ɗan gida ne, an yi ta rubuta shi “lier”. “Beggar” ma ƙarnoni ya yi ana rubuta shi “begger”. Ba wata ƙa'ida da za ta kai yaro ga waɗannan huɗu, sai hadda, kuma haddace kalmomi huɗu ba ya kashe kowa. Abin lura a nan shi ne, wasu daga cikinsu sun girmi aikatau ɗinsu. Mu mun saba ɗaukan cewa aikatau ke haifar da sunan mai aiki. Amma “burglar” ya riga “burgle” zuwa duniya da ɗaruruwan shekaru. Sai a ƙarni na 19 mutane suka yanke ƙarshensa suka ƙirƙiro aikatau. Haka “pedlar” ya riga “peddle”, “editor” ya riga “edit”. Wanda ya san wannan ba zai ƙara tambayar me ya sa ba a ce “editer” ba, tun da ga “edit”. Ba daga “edit” aka gina shi ba.

Akwai wasu ƙananan gidaje da zan wuce su da sauri: -yer a “lawyer”, -ier a “cashier”, -eer a “engineer” da “volunteer”, -eur a “entrepreneur” wanda ya shigo a makare da rigarsa ta Faransa, sai -ant da -ent a “accountant” da “student”, waɗanda rikicinsu ɗaya ne da namu na yau kuma daga Latin da Faransanci ya taso. Guda ɗaya ce zan ɗan tsaya a kanta don tana da daɗin sani. Tsohon Turanci yana da ɗafa-ƙeya ta mace mai aiki, -estre, kamar yadda muke da -iya a manomiya. Ita ce ta zama -ster. “Spinster” asalinta mace mai kaɗi ce, kafin ta koma nufin wadda ba ta yi aure ba. Sunayen iyali irin su Baxter da Brewster daga nan suke, kuma sunan shi Webster mai ƙamus asalinsa masaƙiya yake nufi.

Lauyoyin da ke cikinmu sun san wani ɓangare na wannan labari fiye da kowa. Faransancin kotu ya daɗe a Ingila bayan ya mutu a bakin jama'a. Sai a shekarun 1730 doka ta tilasta a riƙa rubuta takardun shari'a da Turanci. Daga wancan Faransancin kotu aka gaji tagwayen kalmomi, ɗaya da -or ta mai yi, ɗaya da -ee ta wanda aka yi wa: “lessor” da “lessee” a haya, “mortgagor” da “mortgagee” a jingina, “donor” da “donee” a kyauta. A nan lauya yakan furta -or ɗin sosai da gangan, don kada a rikita mai bayarwa da mai karɓa. Kasuwa tana da “seller”, takardar cinikin fili tana da “vendor”. Mutumin ɗaya ne, harsunan da suka raɗa masa suna ne biyu.

Wani zai ce, to me ya hana su gyara? An gwada. A 1906 attajirin Amurka Andrew Carnegie ya zuba kuɗi a wata hukuma ta sauƙaƙa rubutun Turanci, shugaba Theodore Roosevelt kuma ya umarci maɗaba'ar gwamnati ta yi amfani da sabon rubutun kalmomi 300. Kafin shekarar ta ƙare majalisa ta taka masa birki, ya janye. Marubuci George Bernard Shaw, wanda ya rasu a 1950, ya bar wasiyya a kashe wani kaso na dukiyarsa wajen ƙirƙiro sabbin haruffa. An ƙirƙiro su, an buga littafi da su a 1962, ba su je ko'ina ba. Turanci ba shi da majalisar harshe irin wadda Faransa ta kafa a 1635, kuma masu magana da shi sun bazu, furucinsu ya bambanta. In aka ce a rubuta yadda ake furtawa, furucin wa za a bi, na Landan, ko na Teksas, ko na Legas?

Akwai kuma dalili mai zurfi, kuma shi ne zai amfane mu a aji. Wasalin da ya ɓuya a ƙarshen kalma yakan fito fili a bakin ɗan'uwanta. Ba ka jin o a “editor”, amma ce “editorial” ka ji ta tsaye ƙyam. Ba ka jin ta a “senator”, amma duk ɗan Nijeriya da ya ga zaɓe ya san “senatorial”. “Author” yana da “authority”, “professor” yana da “professorial”. A ɗaya gefen, “manager” yana da “managerial”, “minister” yana da “ministerial”, inda e ce ke bayyana. Noam Chomsky da Morris Halle, a littafinsu na 1968 kan tsarin sautin Turanci, sun kafa hujja da irin wannan suka ce rubutun Turanci ya kusa zama mafi dacewa da harshen, domin yana riƙe siffar tushe ko da furuci ya motsa. A ganina sun zarce. Ba su taɓa zama da yaro ɗan shekara tara yana kokawa da “liar” ba. Amma rabin maganarsu gaskiya ce. Rubutun Turanci an yi shi ne don ido, yana haɗa dangi. Hausawa suka ce gani ya kori ji, kuma a wannan fage haka abin yake.

Kada mu ɗauka mu mun tsira daga irin wannan. Gaskiya ne ginin sunan mai aiki a Hausa yana da tsari abin alfahari: ɗafa-goshin ma- da ƙarshen da ke nuna jinsi da adadi, manomi, manomiya, manoma, marubuci, marubuciya, marubuta. Gaskiya ne kuma rubutunmu na boko yaro ne, an daidaita shi a ƙarnin da ya wuce, musamman a Zariya a shekarun 1930 zamanin Rupert East, don haka furuci bai yi masa nisa ba tukuna. Amma ba ma rubuta karin sauti, ba ma rubuta tsawon wasali. Rubuta “ma'aikata” a allo ka tambayi aji: mutanen ne, ko wurin aikin? Rubuta “makaranta”: masu karatu ne, ko inda ake karatun? Haka “maƙera” da “mahauta” da “majema”. Baƙon da ke koyon Hausa yana shan wuya a nan, yaronmu kuwa ba ya ko tsayawa, domin jimla da sanin harshe suna gaya masa. Turanci yana da sauti ɗaya da rubutu uku, mu muna da rubutu ɗaya da sauti biyu. Malamin da ya fara darasinsa da wannan misali ya cire wa yara tsoro, domin sun ga abu ne da harsuna ke yi, har nasu.

Yanzu mu shiga aji. Na sha buɗe littafin aikin yaro in ga abu iri ɗaya. Ya rubuta “visiter”. Malam ya zagaye da jan biro, ya rubuta “visitor” a gefe, ya ce a cika shafi da ita. Yaro ya cika shafi, layi bayan layi, rubutun yana ƙara karkacewa yana gangarowa ƙasa, har na ƙarshe da ƙyar ake karantawa. Ka juya shafi biyu gaba, sai ga “inspecter”, sai ga “translater”, an sake zagayewa. Ya koyi kalma ɗaya, bai koyi komai game da 'yan'uwanta ba. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin a jarrabawar WAEC da NECO akwai kason maki da aka ware wa daidaiton rubutu a insha'i, kuma kowa ya san wanda bai ci Turanci ba ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko da ya fi kowa lissafi.

Da malam ya ɗauki alli ya rubuta “act, action, actor” a layi ɗaya, ƙarƙashinsa “inspect, inspection, inspector”, sai “translate, translation, translator”, sai “profess, profession, professor”, sai “supervise, supervision, supervisor”, ya juyo ya ce wa yara su gaya masa abin da suka gani, da kansu za su gano. In aikatau ya ƙare da -ct, ko -ate a doguwar kalma, ko -ess, kuma yana da ɗan'uwa mai -ion, to mai yin aikin kusan kullum da -or yake. Wannan ƙa'ida guda tana kwashe ɗaruruwan kalmomi: “educator”, “operator”, “collector”, “contractor”, “invigilator”. In kuma aikatau ɗin gajere ne na yau da kullum, irin su “teach”, “farm”, “sell”, “drive”, to -er ce. In yaro ya rasa madafa a zauren jarrabawa, ya nemi ɗan'uwa mai -ial ko -ity ya furta a zuci. In duk ya gagara ya sa -er, don ita ta fi yawa nesa ba kusa ba.

Dole kuma a gaya wa yara gaskiya, cewa ƙa'idar tana da masu ƙetare ta. Akwai “promotion” amma “promoter” ake rubutawa. Akwai “distributor” da “contributor” da “prosecutor”, amma ga “computer” da “commuter” a gefensu. “Visitor” da “sailor” da “tailor” da “governor” ba su shiga lissafin -ion kai tsaye ba, sai a haɗa su da “liar” da abokansa a kwandon hadda. Ban ga laifin faɗar wannan ba. Yaro ya fi yarda da malamin da ya ce masa ga inda ƙa'ida ta tsaya, a kan wanda ya ba shi ƙa'ida a matsayin wadda ba ta karyewa, ya je ya ga ta karye a shafi na gaba.

Wasu kurakuran ma ba na wasalin ba ne. “Writter” ta cika takardunmu, domin yaro ya ga “written” da t biyu, ya ga “runner” da “beginner”. Minti biyar sun isa a nuna masa cewa ana ninka baƙi ne bayan gajeren wasali, wasalin “write” kuwa dogo ne. Ku kuma duba allunan shagunan da ke kusa da makarantu, inda mai fenti ya zauna ya ƙawata haruffa da shuɗi da ja, ya rubuta “stationary” a saman shagon sayar da biro da takarda. Wannan kalma tana nufin abin da ke tsaye wuri ɗaya. Kayan rubutu “stationery” ne, da e, domin daga “stationer” aka samo shi, mai sayar da littattafai da ke da rumfa ta dindindin a biranen Ingila na da. Wanda aka gaya wa cewa mai kayan yana cikin sunan kayan ba zai sake mantawa ba.

Akwai wata dabara da muke da ita a ƙasar nan ba mu san darajarta ba. Da yawa daga cikin 'yan Nijeriya, musamman 'yan'uwanmu na kudu, suna furta -or da o sosai, su ce “dokto”, su furta -er da a. Masu koyar da furuci suna ɗaukan wannan a matsayin aibi. A darasin furuci su gyara in sun ga dama. Amma a darasin rubutu ni ina ganin alheri ne. Malam ya gaya wa yara a fili cewa yanzu zai furta kalma da muryar rubutu, ya fito da kowane harafi, sannan ya sake furta ta da muryar magana. Malaman allo sun daɗe suna raba yadda ake baƙi da farfaru da yadda ake tilawa, kuma ba wanda ya ruɗe.

Roƙona ga shugabannin kwalejojin ilimi da sassan Turanci na jami'o'inmu shi ne, a sanya tarihin rubutun Turanci da ginin kalma cikin abin da kowane malamin firamare da sakandare zai koya kafin a ba shi takardar shaida, ko da na 'yan makonni ne. Malamin da bai san dalilin o ɗin “doctor” ba, ba abin da zai iya ba yaro sai jan biro. Ku kuma malaman da ke aji yanzu, ku daina ba da kalma ita kaɗai a cika shafi. Ku ba da ita tare da danginta, kuma in bayanin ya ƙi shiga da Turanci, ku yi shi da Hausa.